Mai gitar bas a Yamai: aikinsa, sunansa da rabonsa

Duk wanda ya taɓa halartar wasan makaɗan zamani a birnin Yamai, ko a dandalin Cibiyar Al'adu ta Umaru Ganda, ko a gidan biki cikin unguwa, ya ga wani mutum tsaye can baya kusa da mai ganguna, rataye da wata doguwar gitar mai tsirkiya huɗu. Ba shi ke waƙa ba, ba shi ke ɗaukar hankalin ƴan kallo ba. In masu liƙi suka taso da kuɗi a hannu, sai su wuce shi su nufi mawaƙi, ko kuwa mai gitar da ke gaba. Wannan mutum shi ake kira mai gitar bas, ko mai bas a taƙaice. Amma ranar da wayarsa ta tsinke ana tsakiyar wasa, nan take za a ga ƙafafun masu rawa sun rikice, kiɗa ya zama kamar miya babu gishiri, kowa yana waige-waige bai san abin da ya ɓace ba.

Abin da ake so a jawo hankalin jama'a da na magabata a kansa shi ne, kaɗa bas sana'a ce cikakkiya, kamar ƙira ko saƙa ko gini, kuma mai yin ta yana bin ƙasa bashin abu uku: wurin koyo, ambaton suna, da rabo na adalci. Muddin ba a biya wannan bashi ba, kiɗan Nijar zai ci gaba da yawon duniya da ƙafar aro.

Misali mafi kusa yana nan cikin Yamai. A shekarar 1995 ne Yakuba Mumuni, mawaƙi kuma mai busa sarewa, da Abdallah Alhasan, mai gitar, suka kafa ƙungiyar Mamar Kassey, wadda ta ɗauki sunan wani gwarzo na tarihin Songai. Ƙungiyar ta haɗa kayan kiɗan gargajiya da na zamani wuri guda: sarewar Fulani, molo, kalangu, ƙwarya, gitar da bas. Ta yi wasa a bikin garin Kudugu na Burkina Faso a 1997, daga nan aka gayyace ta garin Langon na Faransa a 1998, kuma a 1999 faifanta na farko mai suna Denké-Denké ya fito, daga baya Alatoumi ya biyo. Mai bas ɗin da ya yi wannan aiki shi ne Haruna Abdu.

Wanda ya saurari faifan nan da kunnen basira zai gane nauyin da ke wuyan wannan makaɗi. Sarewa da molo muryarsu tana sama, kalangu yana magana, ƙwarya tana ba da bugu amma sautinta ba ya hawa ba ya sauka. Bas ce ke ɗaure su duka, tana bin bugun ƙwarya ta gefe guda, tana bin karin waƙa ta ɗayan gefen. Duk da haka, a tambayi masu sauraro sunan mawaƙin ƙungiyar, za su faɗa ba da jinkiri ba, har da laƙabinsa na Denke-Denke. A tambaye su sunan mai bas, sai wuri ya yi tsit.

Mece ce bas?

Gitar bas ba tsohuwar aba ba ce. A shekarar 1951 ne wani maƙerin kayan kiɗa mai suna Leo Fender, a jihar Kalifoniya ta Amurka, ya fitar da wadda ta fara yaɗuwa a duniya, ya sa mata suna Precision. Kafin nan makaɗan Turawa suna fama ne da wani ƙaton goge mai tsayin mutum, wanda ake kafawa a ƙasa a kaɗa shi a tsaye, ga wuyar ɗauka, ga shi ƙarar ganguna tana danne shi. Ita bas ta lantarki ana rataya ta a kafaɗa, a jona ta da akwatin ƙara murya, wato ampili. Tsawon tsirkiyarta ya kai santimita 86, na gitar kuwa bai wuce 65 ba. Tsirkiyar da ta fi kauri tana kaɗawa sau 41 kawai cikin daƙiƙa ɗaya, shi ya sa sautinta ya fi isa ƙirji kafin ya isa kunne.

Ko da yake kayan baƙo ne, aikin da yake yi ba baƙo ba ne a ƙasar nan. Tun kaka da kakanni makaɗa sun san kiɗa ba ya tsayuwa sai da murya mai kauri a ƙarƙashinsa. A kiɗan ƙwarya na mata, akwai babbar ƙwarya da ake kifawa bisa ruwa, ita ke ba da amo mai zurfi. A kiɗan tende na Abzinawa ma haka, ana kifa ƙwarya bisa ruwa kusa da turmin da aka rufe da fata. A takamba kuwa, mai ƙwarya yana dukanta da dunƙulen hannu domin ya sami kauri, yana taɓa ta da zobba domin ya sami kaifi. Saboda haka mai bas magajin waɗannan ne. Bambancin kawai shi ne, shi an ba shi damar ya haɗa bugu da kari a hannu ɗaya. Masu ɗaukarsa ɗan kanzagi sun yi kuskure, domin in ana neman kwatancinsa a gini, to shi ne harsashi.

Yadda ake shiga sana'ar

Galibi rayuwar mai bas a Yamai takan fara ne ba da niyya ba. Yaro yakan taso yana sha'awar gitar gaba, wadda ake tafa wa. Sai ya shiga ƙungiya ya tarar masu gitar sun yi yawa, sai a miƙa wa ƙarami ko baƙo bas, a ce ya riƙe kafin a samu wani. Wasu daga nan suke gane cewa hannunsu na nan ne. Koyo kuwa da kunne ake yinsa. A shekarun 1970 da 1980 matasa sun koya ne daga faifai da kaset na rumbar Kwango, da ƙungiyar Bembeya Jazz ta Gine, da Rail Band ta Bamako, da regen Jamaika. Yau waya ce ta maye gurbin kaset, amma hanyar ba ta sake ba: a saurara, a mayar baya, a kwaikwaya, har yatsu su yi kanta.

Hukuma ta taɓa sa hannu a wannan fage, kuma an ga amfaninsa. Daga 1976, bikin matasa na ƙasa ya sa jihohi suna gasa da juna a waƙa da rawa da kiɗa. A 1987 aka soma gasar kiɗan zamani ta Ɗan Gurmu. Tsakanin 1989 da 1990 aka kafa cibiyar koyar da kiɗa ta Yamai, wato CFPM, wadda ke ɗauke da sunan Alhaji Taya, da taimakon Asusun Raya Ƙasashe na Turai. A nan ne matasa da dama suka fara samun ɗaki da kayan aiki da malami wuri ɗaya, kuma daga wannan gida ne waɗanda suka kafa Mamar Kassey suka fito. Wannan shaida ce cewa in an shuka, ana girbi. Amma cibiya ɗaya a babban birni ba ta isar ƙasar da faɗinta ya kai murabba'in kilomita 1.267.000.

Bayan koyo sai maganar kayan aiki, kuma a nan ne igiyar farko ke shiga wuyan mai bas. Sau da yawa bas ɗin da ampilin ba nasa ba ne, na shugaban ƙungiya ne, ko na mai otel ko gidan rawa. Ranar da aka sami saɓani, sai ya fita hannu rabbana, kamar manomin da aka karɓe wa gona da hauya rana ɗaya. Tsirkiya kuma ba a ƙera ta a nan, daga waje ake kawo ta, kuma ta bas ta fi ta gitar tsada saboda kaurinta. Makaɗa da yawa sun san dabarar tafasa tsohuwar tsirkiya cikin ruwa domin dattin gumi ya fita, muryarta ta ɗan dawo. Da aka karya darajar kuɗin sefa a watan Janairu na 1994, faran ɗaya na Faransa ya tashi daga sefa 50 zuwa 100, sai duk abin da ake sayowa daga Turai ya ninka kuɗi dare ɗaya. Ga kuma wutar lantarki: mai molo yana iya zama gindin bishiya ya yi kiɗinsa, mai bas kuwa in wuta ta ɗauke, sana'arsa ta ɗauke. An ga haka ƙarara daga watan Agusta na 2023 zuwa farkon 2024, lokacin takunkumi, sa'ad da aka yanke wutar da ke zuwa daga Najeriya.

Aikin kansa ba wasa ba ne, ko da yake wasa ake kiransa. Ƙungiyar Tal National, wadda Hamadal Isufu Mumin, da aka fi sani da Almeida, ya kafa a Yamai a shekarar 2000, ta yi suna da yin wasa dare biyar a mako, kowane dare kamar awa biyar, har sai da ta riƙa ajiye makaɗa fiye da ɗaya a kan kayan kiɗa guda domin su riƙa karɓar juna. Mawaƙi yana iya hutawa tsakanin baiti da baiti, mai gitar gaba yana iya jira sai wurinsa ya zo. Mai bas ba shi da wannan hutu, daga bugun farko har na ƙarshe yatsunsa suna aiki, da kaya mai nauyin kilo huɗu a kafaɗa, da ƙarar ganguna a kunne. Samun kuɗi kuma na lokaci ne: akwai watannin aure da suna, akwai watan azumi da ake jingine kaya. Ba albashi, ba takardar aiki, sai abin da dare ya bayar. In tsufa ya zo, ko kafaɗa ta gaza, ko kunne ya yi nauyi, wanda bai taɓa zuba ko dala a asusun ma'aikata na CNSS ba, ba shi da ƙofar da zai buga.

Maganar suna

Akwai wani dalili na zamani da ya ƙara ɓoye mai bas. Yawancin jama'a yau da ƙaramar lasifikar wayar salula suke sauraren kiɗa, kamar yadda iyayensu suka saurara da ƙaramar rediyo mai batir. Irin wannan lasifika ba ta iya fitar da sauti mai zurfi, sai wanda ke kaɗawa sau ɗaruruwa cikin daƙiƙa. Ke nan abin da mai bas ya kwana yana yi a ɗakin ɗaukar murya, mafi yawansa ba ya isa kunnen mai sauraro. Wanda ba a ji shi ba, ba a kuma faɗi sunansa ba, ta yaya za a san yana nan?

Wannan cuta ba ta Nijar kaɗai ba ce. A birnin Ditroyit na Amurka an yi wani mai bas, James Jamerson, wanda aka haifa a 1936. Shi ya kaɗa bas a yawancin waƙoƙin da suka ɗaukaka kamfanin faifai na Motown a shekarun 1960, waɗanda aka saurara ko'ina a duniya, har a gidajen rawa na Afirka. Amma kamfanin ba ya rubuta sunayen makaɗa a bayan faifai, sai a 1971 aka fara ganin sunansa a faifan Marvin Gaye. Ya rasu a 1983 yana da shekara 47, jama'a ba su san shi ba. Sai a shekarar 2000, bayan shekara 17 da rasuwarsa, aka shigar da sunansa gidan tunawa da manyan makaɗa na ƙasarsu. Yabon da ya zo bayan an rufe mutum da ƙasa bai saya wa iyalinsa ko mudun hatsi ba a lokacin da suke bukata.

Suna a wannan sana'a jari ne. Da suna ake kiran makaɗi aiki a wata ƙungiya, da shi ake neman sa ya koyar, da shi ake rubuta shi cikin masu haƙƙi in faifai ya ci kasuwa. Abin mamaki kuma, al'adar ƙasar nan ta riga Turawa gane haka. Mawaƙan gargajiya sukan ambaci yaransu cikin waƙa, su kira mai kalangu da sunansa, su zuga shi a gaban jama'a, kuma in an dawo gida uban kiɗa yakan zauna ya raba abin da aka samu bisa matsayin kowa. Kiɗan zamani ya ɗauki kayan baƙi, bai kamata ya yar da wannan ladabi na gida ba.

Maganar rabo

Masu iya magana sun ce kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Labarin Aston Barrett na Jamaika ya isa darasi ga duk makaɗi. Shi ne mai bas ɗin Bob Marley, kuma shi ne jagoran makaɗan ƙungiyar Wailers a shekarun 1970. Duk matashin Yamai da ya taɓa rausayawa da kiɗan rege, da yatsun Barrett ya rausaya, ko ya sani ko bai sani ba. A 2006 ya kai ƙara babbar kotun Landan yana neman fam miliyan 60 na haƙƙinsa. Kotu ta kori ƙarar, domin ta tarar tun 1994 an yi wata yarjejeniyar sulhu wadda a cikinta ya sarayar da haƙƙin nan. A zaman shari'ar kuma ta bayyana cewa karatu yana yi masa wuya ƙwarai. Ya rasu a watan Fabrairu na 2024 yana da shekara 77.

Waɗanda suka sha wahalar zama ajin yaƙi da jahilci bayan sun girma, su suka fi kowa gane ma'anar wannan labari. Mutum yana iya zama gwani a sana'arsa har duniya ta sallama masa, amma takarda ɗaya da ya sa wa hannu bai karanta ba ta cinye gumin shekara ashirin. Rashin sani ya fi dare duhu.

Ta fuskar doka, Nijar ba ta baya. Yarjejeniyar Roma ta 1961, wadda ta amince cewa mai kaɗawa da mai rerawa suna da haƙƙi a kan aikinsu ko da ba su suka ƙirƙiri waƙar ba, ta fara aiki a 1964, kuma Nijar tana cikin ƙasashe shida na farko da suka shige ta. Ƙasar tana cikin ƙungiyar OAPI mai bin yarjejeniyar Bangi ta 1977. A 1995 aka kafa ofishin kare haƙƙin mawallafa, wato BNDA, kuma dokar ranar 23 ga Disamba 2010 ta tanadi haƙƙin masu kaɗawa da masu rerawa tare da na mawallafa. Ashe matsalar ba ta rashin doka ba ce. Tana wajen nisan da ke tsakanin abin da aka rubuta da Faransanci cikin jaridar hukuma, da abin da ke faruwa ƙarfe biyun dare a bayan dandali, lokacin da ake ƙirga kuɗi.

Wani zai ce ai mawaƙi ne ke tara jama'a, shi ke tsara waƙa, shi ke neman aiki, sau da yawa shi ya sayi kayan, don haka rabonsa ya fi. Wannan magana gaskiya ce, kuma babu mai hankalin da zai ce a raba daidai wa daida. Abin da ake nema shi ne rabo ya zama sananne tun kafin a hau dandali, a rubuce, kowa ya san nasa, ba abin da zuciyar shugaba ta ga dama bayan an tashi ba. Shugaban da ya yi haka ma ya taimaki kansa, domin ƙungiyoyi da yawa ba rashin gwaninta ya watsa su ba, gunaguni a kan kuɗi ne.

Ƙafar aro

Yanzu a dubi ƴan ƙasar nan biyu da suka fi kai gitar Nijar nesa. Bombino, ɗan yankin Agadas, shi ne ɗan Nijar na farko da aka sa cikin masu takarar kyautar Grammy ta Amurka, da faifansa Deran na 2018. Mai bas a wannan faifai, Youba Dia, ɗan Muritaniya ne. Mdou Moctar, wanda faifansa Afrique Victime na 2021 da Funeral for Justice na 2024 suka zagaya duniya, mai bas ɗinsa Ba'amurke ne, Mikey Coltun, kuma shi ne ya tsara ɗaukar faifan biyu. Wannan saurayi ya sha hawa jirgin sama daga Amurka zuwa Yamai, sa'an nan ya shiga motar haya ya yi tafiyar kusan kilomita 950 zuwa Agadas, domin ya zauna da abokan aikinsa, ya yi wasa a gidajen biki, ya koyi kiɗan a inda aka haife shi.

Waɗannan baƙi ba su yi laifi ba, yabo ma suka cancanta, kuma kowane shugaban ƙungiya yana da ikon ya zaɓi wanda ya ga dama. Amma abin ya isa ya sa magabata tunani. In baƙo ya ga kiɗan takamba da na tende sun cancanci ya ƙetare teku domin su, me zai hana a buɗe wa ɗan Tawa ko ɗan Damagaram, wanda ya sha wannan kiɗa tun yana goye, hanyar da zai riƙe wannan matsayi? Kuma matsayin ba na bas kaɗai ba ne. Mai bas, da yake yana tsaye tsakanin ganguna da waƙa yana jin kowa, sau da yawa shi ke zama mai tsara kiɗa da mai kula da ɗaukar murya, kamar yadda Barrett da Coltun suka zama. Ƙasar da ba ta renon masu bas, tana rasa masu tsara mata faifai.

Kamaru ta nuna abin da ke yiwuwa. Ƙasar ta yi suna a duniya da masu bas, irin su Jean Dikoto Mandengue, da Armand Sabal-Lecco, da Étienne Mbappé. Richard Bona, wanda aka haifa a 1967 a ƙauyen Minta, ya fara ne da kayan kiɗan da ya harhaɗa da hannunsa yana yaro. Ya yi wasa a gidajen rawa na Duwala, ya tafi Turai yana da shekara 22, ya koma Niyok a 1995, ya yi aiki da manyan makaɗa irin su Joe Zawinul da Harry Belafonte, kuma a 1999 ya fitar da faifai da sunan kansa. Yaron Duwala da ya ɗauki bas yau yana da waɗanda zai duba ya ce yana son ya zama kamarsu. Yaron Yamai ma yana da su, sai dai ba a gaya masa sunayensu ba.

Abin da ya kamata a yi

Akwai masu cewa ƙasar da ke fama da fari da matsalar tsaro da ƙarancin azuzuwa ba ta da lokacin maganar gitar. Amsa ita ce, yawancin abin da ake nema ba ya cin kuɗi, kuma sana'ar da ke ciyar da gida, ta hana saurayi zaman banza, ba ƙaramar magana ba ce a ƙasar da yawancin jama'arta matasa ne.

Na farko, ambaton suna. Masu gabatar da shiri a Muryar Sahel da Tele Sahel da gidajen rediyo masu zaman kansu su riƙa faɗin sunayen makaɗa in sun sa waƙa, ko da sau ɗaya ne cikin shiri. Masu buga takardun talla da masu sa waƙa a intanet su rubuta wanda ya kaɗa kowane kaya. A duk gasar kiɗa ta ƙasa a ware kyauta ta mai bas da ta mai ganguna, kamar yadda ake ware ta mai tsaron gida a ƙwallon ƙafa.

Na biyu, koyarwa. A ƙarfafa ajin bas a cibiyar Alhaji Taya, a ɗauki tsofaffin hannu da suka yi zamani a dandali su zama malamai da albashi, domin da tsohuwar zuma ake magani. A ɗauki muryar yadda suke bin kowane kiɗa na Hausa da Zabarma da Fulani da Abzinawa da Barebari, a adana, tun kafin su tafi da saninsu. A gidajen matasa da al'adu na Maraɗi, Damagaram, Tawa, Agadas, Doso, Difa da Tilaberi, a ajiye ko da bas ɗaya da ampili ɗaya da yara za su riƙa koyo da su, ƴan mata ma a ba su wuri.

Na uku, takarda. Ma'aikatar da ke kula da al'adu tare da BNDA su fitar da samfurin yarjejeniya mai shafi ɗaya, cikin harsunan ƙasa, mai faɗin kuɗin dare, da kuɗin ɗaukar faifai, da rabon tafiya waje, da wanda ya mallaki kaya. Tun da dokar ƙasa ta watan Maris na 2025 ta ɗaga Hausa zuwa matsayin harshen ƙasa, babu hujjar da za ta sa makaɗi ya sa hannu a kan abin da ba ya iya karantawa. Ma'aikatar kuɗi kuma ta duba rangwamen kuɗin duwan a kan tsirkiya da kayan gyara, domin kayan sana'a ne, kamar allurar tela.

Na huɗu yana wuyan makaɗan da kansu. Wanda bai iya karatu ba ya shiga aji, ba abin kunya ba ne. Kowa ya je ya rubuta sunansa a ofishin haƙƙi, ya riƙa ajiye lissafin faifan da ya yi wa kiɗa. Su haɗa kai su yi adashe, kowane mai bas ya mallaki kayansa, domin mai kayan kansa shi ke iya cewa a'a. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Iyaye kuma su daina ganin yaron da ya ɗauki bas kamar ya lalace. Wanda ke tsayuwa awa biyar yana riƙe da bugu bai kauce ba, yana sauraren kowa, yana gyara kuskuren wani ba tare da jama'a sun lura ba, ya koyi haƙuri da ladabi da riƙon amana, kuma halaye ne da ake nema wajen kowane ma'aikaci.

Saboda haka, mai karatu, in Allah ya kai shi wurin wasa nan gaba, ya ɗan kau da ido daga mawaƙi, ya dubi mutumin nan na baya mai tsirkiya huɗu. In ya tashi liƙi, ya ƙarasa wurinsa. In an tashi kuma, ya tambayi sunansa, ya riƙe.